TSADAR CANJA INDARARO: ƘARAMIN GYARAN DA YA FARA GAGARAR MASU GIDAJE

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, kuma Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a tsakiyar watan Yuni na wannan shekara, yawancin maganar da ake yi game da tsadar gini ta tsaya ne a kan siminti da rodi da kwanon rufi, watau kayan da mai sabon gini yake nema. Ba a cika jin batun mutumin da ya riga ya mallaki gidansa ba, wanda ba ya neman ƙara ko da ɗaki guda, iyakar abin da ke gabansa shi ne ya tsare wanda ya gada ko ya gina kada ruwa ya cinye shi. A cikin gyare-gyaren da irin wannan mutum yake fuskanta kafin faɗuwar damina, babu wanda aka raina kamar canja indararo, kuma da wuya a sami wanda jinkirta shi yake jawo hasara kamarsa.

In an ce indararo a nan, ana nufin dukkan hanyar da ruwan sama yake bi daga kan rufi har ya sauka ƙasa. Ya haɗa da ɗan guntun bututun da yake leƙowa daga rawanin soro, da doguwar kwarya ta kwano ko roba da ake ratayawa a bakin rufin kwano, da kwarin kankare da ake zubawa a bayan katangar gidajen zamani masu ɓoyayyen rufi, da kuma fayif ɗin da yake sauko da ruwan ta jikin bango.

Kafin a shiga batun kuɗi, ya kamata a san nauyin aikin da wannan abu yake yi. Ruwan sama na milimita 1, in ya zuba a kan fili mai faɗin murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Saboda haka gidan da rufinsa yake da tsawon mita 15 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a lokacin marka, lita 7,500 za ta sauka a kansa. Wannan ya zarce durom 37, nauyinsa kuwa tan bakwai da rabi ne. A ƙasar Kano, inda ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 700 zuwa 1,000, kuma kusan dukkansa yana zuba ne a cikin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, irin wannan rufi yakan karɓi wajen lita 120,000 a damina matsakaiciya. Ruwan nan tilas ya sauka a wani wuri. In indararo bai jefa shi nesa ba, a gindin bango zai sauka.

DAGA AZARA ZUWA KWANO

Maginan gargajiya sun san wannan tun kafin a zo da ma'aunin ruwan sama. A ginin soro, akan karkata daɓen rufi kaɗan zuwa gefe guda, a huda rawani, a zura indararo na gasasshen yumɓu ko na icen giginya da aka fafe, a bar shi ya miƙe sosai domin ruwan ya faɗi nesa da bango. Inda ruwa yake yawan dukan gini akan shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Kowace shekara da bazara sai mai gida ya kira magini ya hau soro, ya toshe tsaga, ya gyara bakin indararo, ya sake yaɓe. Ba a ce wannan gini ba ya faɗuwa ba, yana faɗuwa ƙwarai in an yi sakaci da shi. Amma abin lura shi ne kayan gyaransa duka a cikin gari ko bayan gari ake samunsu, kuɗin da ake kashewa kuwa ladan magini ne da na masu jakuna. Farashinsa ba ya jin labarin abin da ya faru a kasuwar kuɗin waje.

Al'amarin ya sake ne sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo. Ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata a farkon 1975 ya sa kwano da bulo suka zama alamar wanda ya samu, kuma a shekarar ce jiragen ruwa fiye da 400 ɗauke da siminti suka cunkushe tashar Ikko, suka yi wata da watanni suna jiran saukewa. Daga wannan lokaci aka shiga kwance soraye ana ɗora kwano, sau da yawa a kan tsohon bangon ƙasa, ba tare da an bar wa rufin isasshen baki da zai kare bangon ba. Rufin kwano yana sako ruwa da sauri fiye da soro, kuma yana sako shi ne ta dukkan tsawon bakinsa. Watau gidan da a da indararo huɗu na yumɓu suke isarsa, yanzu yana bukatar kwarya ta ƙarfe mai tsawon mita da yawa, wadda ba a haƙo ta a kududdufin unguwa.

ABIN DA KE CIKIN LISSAFIN

Mai gidan da ya je neman farashi a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Dei-Dei ta Abuja, abu na farko da za a tambaye shi shi ne tsawo, domin da mita ko da ƙafa ake sayar da kayan. A gidan da aka yi misali da shi, in rufin mai fuska biyu ne, mita 30 ake bukata. In mai fuska huɗu ne, irin wanda aka fi yayi yanzu, mita 50 ne, ga kuma kusurwa huɗu da za a haɗa, kowacce kuwa wurin yoyo ce in ba a iya ta ba. Kenan siffar rufi kaɗai tana iya ƙara kashi biyu cikin uku a kan kuɗin kaya, tun ba a zaɓi irin kayan ba.

Sa'an nan sai zaɓin kaya. Farin kwano, watau ƙarfen da aka shafa wa tutiya, shi ne mafi araha, kuma kowane maƙerin kwano yana iya lanƙwasa shi. Aibinsa tsatsa. Ƙurar hunturu takan taru a cikin kwaryar, ganyen darbejiya da ledoji su biyo baya, in ruwan fari ya zuba sai su zama laka mai riƙe danshi, a hankali ta huda ƙarfen daga ciki. Alminiyam ba ya yin irin wannan tsatsa, amma kaurinsa shi ne maganar. A kasuwa akan ji ana kiran 0.45 da 0.55 da 0.7 na milimita, kuma bambancin kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Mai saye ba ya iya rarrabe su da ido, sai da ma'auni, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama kwanon da bai kai kaurin da aka rubuta a jikinsa ba. Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi na kafa alminiyam da ƙusar baƙin ƙarfe, alhali kuwa in ƙarfen nan biyu suka haɗu a cikin danshi, wurin haɗuwar ne yake fara ciwuwa. Na roba ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, amma ranar watan Afrilu, wadda takan haura digiri 40 a arewacin ƙasar nan, tana sa shi ya miƙe da rana ya tsuke da dare, har mahaɗansa su saki, maras kyau daga cikinsa kuma ya bushe ya riƙa karyewa kamar ƙwarya.

Mafi tsada a wajen gyara shi ne kwarin kankare na gidaje masu ɓoyayyen rufi. Wannan salo ya yaɗu a sababbin unguwanni saboda kyan gani, kuma yana kare kwano daga iska. Amma ruwan yana taruwa ne a saman bango, ba a wajensa ba. In kankaren ya tsage, ko mafitar ta toshe, ruwa ba ya zuba a tsakar gida inda za a gan shi, sai ya bi cikin bango da silin, mai gida ba zai sani ba sai fenti ya fara kumbura. Ba a cire irin wannan a sa sabo kamar na kwano. Sai an fasa, an sake zubawa, an shimfiɗa kwalta mai hana yoyo, wani lokaci ma sai an ɗaga kwanon da ke kusa.

Bayan kwaryar kanta akwai ƙananan abubuwan da mai gida ba ya sa su a lissafi sai aiki ya fara. Akwai maƙalai da ake kafawa aƙalla ɗaya a kowace mita, watau fiye da 50 a rufi mai fuska huɗu. Akwai fayif na saukowa, aƙalla huɗu, kowanne wajen mita 3, da gwiwoyinsa da abin ɗaure shi a bango. Akwai gam da ƙusa. Mafi girma a cikinsu shi ne katakon bakin rufi. Indararon da ya daɗe yana yoyo kusan kullum ya riga ya ruɓar da katakon da yake rataye a jikinsa, gara kuma ta shiga, ba kuwa yadda za a kafa sabo a jikin ruɓaɓɓen katako. A nan ne aikin da aka yi cinikinsa a kan canja indararo yake komawa aikin kafinta, a nan ne kuma rigima take tashi tsakanin mai gida da ma'aikaci, kowa yana ganin an cuce shi.

Ladan aiki ya danganta da tsayin gini. Gidan ƙasa tsani ya ishe shi, bene kuwa sai an kafa katakai ko an yi hayar ƙarafan hawa, kuma mai hawa yana sa kasadar ransa a cikin farashi. Gwanintar aikin tana wajen gangare. Ana so kwaryar ta karkata kamar milimita 3 a kowace mita, watau santimita huɗu da rabi a tsawon mita 15. In ta gaza haka ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa. In ta zarce, ƙarshenta ya yi nisa da bakin kwano, ruwa mai ƙarfi ya tsallake ta. Mai aikin da ya zo ba igiya ba ma'aunin ruwa, komai arahar ladansa, ya yi tsada.

INDA TSADAR TA FITO

Idan aka bi waɗannan kaya ɗaya bayan ɗaya, za a tarar ban da katako da ƙarfin lebura, kusan kowannensu da dala ake sayo asalinsa. Masana'antun da ke cikin ƙasa suna lanƙwasawa ne da shafe fenti da yankawa, amma naɗaɗɗen falle na alminiyam da na ƙarfe, da garin robar da ake narkawa a yi fayif, galibi daga waje suke zuwa. A farkon watan Yuni na 2023 farashin dala a hukumance wajen naira 460 ne. A watan Fabrairu na 2024 ya haura naira 1,500, kuma a kusa da nan ya rufe shekarar. Watau kuɗin da ɗan kasuwa yake bukata domin ya shigo da kaya iri ɗaya ya ninka fiye da sau uku a cikin wata takwas. A 2025 naira ta ɗan sami natsuwa, amma ba ta koma ko kusa da inda ta taso ba. Tun kafin wannan ma, farashin alminiyam a kasuwar Landan ya kusa dala 4,000 a kan kowane tan a watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren.

Kayan in sun sauka a Ikko, sai sun yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 a kan mota kafin su iso Kano. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a watan Mayu na 2023 ta haura naira 1,000 a watan Oktoba na 2024. Kuɗin lantarki na rukunin da masana'antu da yawa suke ciki ya tashi daga naira 68 zuwa 225 a watan Afrilu na 2024. A watan Oktoba na shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka kwana da yawa a cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, masu walda da maƙeran kwano suka koma kan janareta. Siminti, wanda kwarin kankare da daɓen gindin bango suke bukata, ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairu na 2024, har Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000 kowane buhu.

Abin takaici shi ne ƙasar nan ta riga ta biya kuɗin maganin wannan matsala, ba ta sha ba. An gina kamfanin narkar da alminiyam na ALSCON a Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom domin ya riƙa fitar da tan 193,000 a shekara. Ya fara aiki a 1997, ya tsaya a 1999. An sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga kamfanin RUSAL na Rasha a 2007, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2012 cewa wani kamfani dabam, BFIG, shi ne ya ci cinikin tun farko, a 2013 kuma aka kashe tukwanen narkarwa. Na ƙarfe da ke Ajaokuta, wanda aka ƙulla kwangilarsa da Tarayyar Sobiyet a 1979, ya shafe fiye da shekara arba'in bai narkar da tama ba. Gaskiya ne ko da waɗannan kamfanoni suna aiki, farashinsu zai bi na duniya, domin ba mai sayar da ƙarfe da rahusa don kishin ƙasa. Amma da ba sai an bi layin neman dala ba, da kuma kuɗin jirgin ruwa da na kwastan sun fita daga lissafi.

A ɗaya gefen kuma ga abin da ke shiga aljihu. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne tun 2019, sai a watan Yuli na 2024 aka mai da shi naira 70,000. A ido ƙari ne na fiye da ninki biyu. Amma naira 30,000 a farashin hukuma na farkon 2023 wajen dala 65 ce, naira 70,000 kuwa a lokacin da aka sa hannu a kan dokar ba ta wuce kimanin dala 45 ba. Tun da indararo da dala ake auna shi, ma'aikacin da aka yi wa ƙari ya sami kansa yana iya sayen mita kaɗan fiye da da. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024, abinci ne kuma a gaba. Magidancin da zai zaɓa tsakanin buhun masara da mita goma na kwano, ba sai an tambaye shi ba. Balle manomi da ɗan fansho da matar da mijinta ya rasu ya bar mata gida da marayu, waɗanda ƙarin albashin bai shafe su ba sam.

SAKAMAKON JINKIRI

Abin da mutane suke yi maimakon canjawa sananne ne. Ana liƙe huda da kwalta da tsumma, ana ɗaure wanda ya saki da waya, ana tara bokiti da baho. Wasu kuma sukan cire shi gaba ɗaya su bar ruwa ya zubo daga bakin kwano. A gidan da rufinsa yake da dogon baki, kuma an daɓe gindin bangonsa da siminti an karkata shi waje, wannan dabara ba laifi, ta ma fi ruɓaɓɓen indararo mai tara ruwan rufi duka ya zuba shi a wuri guda. A gidan ƙasa mai gajeren baki kuwa, hanyar rushewa ce.

Ginin ƙasa ba daga sama yake mutuwa ba, daga gindi ne. Ruwan da ya faɗo yana fantsama a jikin bango, yana zaizaye shi kaɗan kaɗan, danshi yana hawa, har ƙasan bangon ya fi samansa sirantaka. A cikin marka, in aka yi kwana biyu ko uku ana ruwa ba rana, tubali ya jiƙe ya rasa ƙarfinsa, sai bango ya zauna. Yawanci kuma da dare ne, mutane suna barci. Ginin bulo ya fi jurewa, amma shi ma in ruwa ya daɗe yana kwanciya a harsashinsa, ƙasa takan motsa, bango ya tsage, musamman a wuraren da ƙasarsu laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani. Kuɗin tayar da bango guda da ya faɗi, da sake ɗora rufin da ya bi shi, ya ninka na indararon gidan duka sau da yawa, ba a ma maganar rai.

Gidaje iri biyu ne suka fi shiga wannan hali. Na farko gidan haya. Bisa al'ada gyaran rufi na mai gida ne, amma mai gidan ba a ciki yake kwana ba, ɗan haya kuma ba zai zuba kuɗinsa a ginin da za a iya tashinsa daga ciki a ƙarshen shekara ba. Na biyu gidan gado da ba a raba ba, irin waɗanda suka cika tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina, inda magada goma ko ashirin suke da haƙƙi, amma ba a sami wanda yake da nauyi ba. Kowa yana jira wani ya fara.

Haka nan kuma ba mai gidan kaɗai abin yake shafa ba. A lungunan birni, inda bango yake manne da bango, indararon wani a kan katangar wani yake zuba, kuma masu unguwanni sun san cewa da damina ƙarar ruwa tana cikin waɗanda suka fi yawa a ƙofarsu. Matsalar tsohuwa ce. An ruwaito cewa Halifa Umar ya taɓa cire indararon gidan Abbas domin yana zuba a kan hanya, da aka shaida masa wanda ya kafa shi a wurin sai ya sa aka mayar. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani a kan inda ya halatta mutum ya juya ruwan rufinsa, har wani magini mutumin Tunis, Ibn Rami, wanda alƙalai suke aikawa duba irin waɗannan rigingimu a ƙarni na 14, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Abin da ya sake yanzu shi ne mai laifin yakan amsa laifinsa, ya ce ba shi da kuɗin gyara, mai unguwa kuma ya san gaskiya ya faɗa.

BAYAN RUWAN YA SAUKA

Ko da mai gida ya yi ƙoƙari ya canja nasa, aikin bai ƙare ba, domin iyakar indararo ya kai ruwa ƙofar gida. Daga nan sai kwata, sai lambatu, sai kwalbati, sai rafi. A birnin Kano, kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini sun yi shekaru aru-aru suna shanye ruwan unguwanni kafin ya gangara Jakara. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. A unguwannin awon igiya an yanka filaye ba a bar wa ruwa hanya ba, tsakar gidajen da a da ƙasa ce mai shan ruwa an shafe su da siminti, lambatun da ake da su kuma sun cika da yashi da leda. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ta nuna cewa ko tsakiyar birni bai tsira ba. Mutumin da ya ci bashi ya sa sabon indararo, in lambatun ƙofarsa a toshe yake, ruwan zai dawo masa ta zaure.

A nan wajibi ne a rarrabe abu biyu. Manyan ambaliyoyi, irin na 2012 da ya kashe mutum 363, da na 2022 da ya kashe fiye da 600, da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988, da ta Alau da ta mamaye Maiduguri a ranar 10 ga Satumba, 2024, da bala'in Mokwa na watan Mayu na 2025, aikin koguna ne da madatsai da gini a kan hanyar ruwa. Ba indararon da zai tare su. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai wata hasarar da ba ta cika shiga kanun labarai ba, ta ɗaki ɗaya a wannan unguwa, katanga biyu a waccan, kowace damina, a garuruwan da ba kogi kusa da su. Wannan kashi na biyu shi ne wanda gyaran rufi da yashe kwata suke iya ragewa, kuma shi ne babu wata hukuma da ta ɗauke shi a matsayin aikinta.

Tsarin da ake bi yana jiran gini ya faɗi ne. Asusun kula da muhalli yana nan tun 1981. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi sukan raba bandir na kwano da buhunan siminti da ƙusa ga waɗanda abin ya shafa, a 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar naira biliyan 3 ga kowace jiha saboda ambaliya. Agaji abu ne mai kyau, ba mai ƙin sa. Sai dai kwanon da aka kai wa mutum a watan Satumba bayan ɗakinsa ya faɗi, da an ba shi rubu'insa a watan Afrilu, mai yiwuwa da ɗakin yana tsaye. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, saboda haka ba a ce ba a san lokaci ba.

Bankin ba da rancen gidaje na tarayya yana da rancen gyaran gida, wanda aka ƙayyade a kan naira miliyan 1 sa'ad da aka fito da shi, amma na masu zuba kashi biyu da rabi cikin 100 na albashinsu ne a asusun gidaje da aka kafa a 1992. Mazauna gidajen ƙasa, waɗanda su ne abin ya fi yi wa barazana, ba su da takardar albashi. Ƙananan hukumomi su ne suka fi kusa da su. A zamanin En'e, 'yan duba-gari suna shiga gida gida suna duba kwata da rijiya, kuma ana jin maganarsu. Tsabtace muhalli na ƙarshen wata, wanda ya samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari a 1985, ya tsaya ne a kan shara da hana zirga-zirga. Ba abin da zai hana a keɓe na watan Afrilu da na Mayu domin duba rufi da yashe lambatu, a kwashe abin da aka yaso a ranar kafin ruwa ya mai da shi, masu unguwanni kuma su rubuta gidajen da suke cikin haɗari. In ƙaramar hukuma ta sayi falle a kan sari ta ba maƙeran garinta su lanƙwasa, farashin mita zai sauko, kuɗin aikin kuma ya tsaya a garin. Haɗarin wannan shawara sananne ne, watau ta koma kwangila, kayan su ƙare a gidajen da ba su bukata. Saboda haka rance mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyin unguwa, wanda ake biya bayan kaka, ya fi kyauta tsira daga wawaso.

Akwai kuma wata fuskar da take iya sauya lissafin mai gida shi kansa. A sassan Enugu da Edo, inda ruwan ƙasa yake da zurfi, mutane sun daɗe suna haɗa indararo da tanki ko rijiyar siminti, suna tara ruwan damina. A biranen Arewa, inda famfo ba ya zuwa unguwanni da yawa, gidaje suna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa har a tsakiyar Agusta, alhali ruwa yana kwarara daga rufinsu zuwa titi. Lita 120,000 da aka ambata jarka 4,800 ce mai cin lita 25. Ba gidan da zai iya adana wannan duka, amma tanki mai cin lita 2,000, in yana cika yana ƙarewa a tsawon wata huɗu, zai ɗauke wa gida sayen ruwan wanki da wanka na damina, ya kuma rage abin da yake fita lambatu a daidai lokacin da lambatun ya fi cika. Sharaɗinsa shi ne a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya zube, a sa raga a bakin fayif, a rufe tankin saboda sauro. Sai dai tankin ma na roba ne, kuma farashinsa ya bi dala kamar sauran.